Bayan Shanyewar Ɓarin Jiki, Kwanciya Ba Magani Ba Ce



Yau maganarmu a kan wanda ɓarin jikinsa ya shanye, aka kuma sallamo shi daga asibiti. To, sai me?

A gidaje da yawa, sai a shimfiɗa masa katifa a ce ya huta. Tausayi ne, amma tausayin da ke cutarwa. Doguwar kwanciya tana sandarar da gaɓoɓi, tana raunana tsoka, tana kawo gyambo a baya.

Ku saurara da kyau. Ƙwaƙwalwa tana iya sake koyon abin da ta rasa, amma sai da maimaici. A ɗaga hannu, a sake ɗagawa. A tashi zaune, a sake tashi. Watannin farko su ne suka fi albarka.

Wannan aikin likitocin gashin ƙashi ne, irin na Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Su ke auna ƙarfin majinyaci, su tsara masa atisayen da zai iya. Ku kai shi, ku koyi atisayen, ku ci gaba a gida. Amma kada ku ja hannun da ya shanye, kafaɗa na iya gocewa.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Sai mun sake haɗuwa.