Randar Ƙofar Gida

 

A shekarar 1984, lokacin yunwar da ake kira El Buhari, damina ta ƙi, iyakar Najeriya kuma tana rufe. Ina yaro a Maraɗi, na ga mutanen arewa suna sauka tasha, bisashensu sun ƙare, ba su san kowa ba. Mahaifiyata, da ɗan geron da ya rage mata, ta dama fura ta ce in kai ma wata mai goyo da ta kwana zaurenmu. Na ce: "Inna, wace ce?" Ta ce: "Ba a tambayar mai ƙishirwa sunansa."

Haka kakanninmu suka tarbi fatake a Zangon Damagaram. Haka mutanen Cadi da Sudan suka ciyar da alhazanmu masu tafiya Makka a ƙasa. Yau mun tada katanga, mun sa ƙofar ƙarfe. Ina randar da ake girkewa ƙofar gida domin mai wucewa? A wannan biki na cikar shekara 100, ina roƙon kowane magidanci ya maido ta, domin mai masaukin yau shi ne baƙon gobe.