TSADAR RAYUWA DABAN, INGANCIN RAYUWA DABAN

Jawabin da aka yi wa ɗaliban ajin yaƙi da jahilci na manya

Akwai abubuwa biyu da mutane ke yawan cakuɗawa, wato tsadar rayuwa da ingancin rayuwa.

Tsadar rayuwa ita ce yawan kuɗin da magidanci zai kashe kafin ya sami abinci da sutura da magani da kuɗin mota. Ingancin rayuwa kuwa shi ne abin da iyalinsa suke mora a zahiri, kamar ƙoshi, da ruwa mai tsabta, da asibiti a kusa, da makarantar yara. Saboda haka mutum yana iya samun ƙarin kuɗi amma zamansa ya ƙara ƙunci.

Dattawa ba su manta da ƙarin albashin Udoji ba, wanda gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta amince da shi a shekarar 1974. Kuɗi sun shiga hannun ma'aikata, amma ba a jima ba kaya suka yi tashin gwauron zabi. Haka kuma a watan Mayu na 2023 aka cire tallafin man fetur. Litar da ake saye ƙasa da Naira 200 ta haura Naira 1,000 kafin ƙarshen 2024. A watan Yuli na 2024 aka ɗaga mafi ƙarancin albashi daga Naira 30,000 zuwa 70,000. Albashi ya ninka biyu da ɗoriya, mai kuwa ya ninka biyar.

Wannan magana ta shafi manomi ƙwarai. Da kaka sai ya ga buhun masara ya yi kuɗi, ya kwashe rumbu ya kai kasuwa. Da damina ta faɗi sai ya tarar taki da maganin feshi da kuɗin ƙwadago duk sun tashi, ga shi kuma yana awon abinci da tsada. Wanda ya bar hatsi a rumbu, ya yi lambun rani, ya kai yara rigakafi, ya fi shi kwanciyar hankali ko da aljihunsa bai cika ba.

Don haka duk wanda ya iya rubutu da lissafi ya sami littafi, ya riƙa rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita. Kafin ya sayar da buhu, ya fara ƙirga buhunan da gidansa zai ci har wata kaka.

Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.