Jawabi Ga Hakimai Da Malamansu: Yadda Malamin Tuƙi Ke Tara Sa'o'in Doguwar Tafiya

Sau da yawa iyaye sukan zo gaban hakimi suna tambaya, shin don me yaro ya gama makarantar tuƙin jirgin sama amma har yanzu bai hau babban jirgin fasinja ba? Ga amsar da ta kamata a ba su.

Takardar shaidar da yaro ke fita da ita mataki ne kawai. Babbar takarda, watau ta shugaban matuƙan jirgin fasinja, ba a ba da ita sai mutum ya cika sa'a 1,500 a sama. Hukumar Sufurin Sama ta Duniya ta ce a cikinsu a sami sa'a 200 na doguwar tafiya daga gari zuwa gari, da 100 na dare, da 75 na tuƙi da na'ura kaɗai ba tare da duban ƙasa ba. Kwalejin Zariya, wadda aka kafa a 1964, da taimakon wannan hukuma aka kafa ta.

A Amurka an fi tsanantawa, don can sa'a 500 na doguwar tafiya ake nema. Bayan faɗuwar wani jirgi kusa da birnin Bafalo a 2009, inda mutum 50 suka rasu, sai aka yi doka. Tun daga 2013 har mataimakin matuƙi ma sai da irin wannan takarda, ko da yake an rage sa'o'in ga tsofaffin matuƙan soja da waɗanda suka karanta fannin a wasu jami'o'i.

To, ina saurayi zai sami waɗannan sa'o'i, alhali hayar jirgi na da tsada? Galibi sai ya zama malami. Duk sa'ar da ya yi a sama yana koyarwa akan rubuta masa ita, ga kuma albashi. Amma akwai cikas. Yawancin darussa a kusa da fili ake yinsu, a tashi, a kewaya, a sauka. Jimlar sa'o'insa tana hawa, na doguwar tafiya kuwa suna nan tsaye. A ma'aunin Amurka, tafiya ba ta shiga wannan lissafi sai an wuce mil 50 na teku daga inda aka tashi, watau wajen kilomita 93. Da wannan ma'auni, Zariya zuwa Kano ta isa, Zariya zuwa Kaduna ba ta isa ba.

Saboda haka malami mai dabara yakan nemi almajiran da suka yi nisa. Mai koyon tuƙi da na'ura dole ya yi tafiyar mil 250 tare da malaminsa. Mai neman takardar tuƙin haya kuwa zai yi tafiyar sa'a 2 da rana, da wata irinta da dare. Waɗansu malaman kan karɓi aikin kai jirgi wani gari, ko kuwa su biyu su haɗa kuɗin haya. Da haka, sannu sannu, littafi ke cika.

Abu biyu ne abin tsoro. Na farko, malami ya riƙa tsawaita darasi don amfanin kansa, alhali almajiri ne ke biya. Wannan cin amana ne. Na biyu, ƙarin sa'a a littafi. Malaman ofis sun san darajar rajista. Wanda aka kama da ƙarya ana iya ƙwace takardunsa duka, wahalar shekaru ta tashi a banza.

Don haka ana roƙon hakimai su ja hankalin iyaye, kada su matsa wa yaro, kada kuma su ga aikin koyarwa kamar koma baya ne. Ran mutane ne za a damƙa masa, kuma gaggawa ba ta haifar da ɗa mai ido. A huta lafiya.