Haƙƙin Wanda Ake Tuhuma na Yi wa Mai Gwajin DNA Tambayoyi a Gaban Kotu

Sashe na 36(6)(d) na Kundin Tsarin Mulkin Najeriya na 1999 ya bai wa duk wanda ake tuhuma da laifi damar yi wa shaidun masu gabatar da ƙara tambayoyi, da kansa ko ta bakin lauyansa. Wannan haƙƙi yana aiki a kowace kotu, daga ƙaramar kotun da mutumin Kafinsoli ko Kusada zai fara gurfana a gabanta har zuwa Kotun Ƙoli. Matsalar tana tasowa ne idan abin da ke ɗaure mutum takarda ce daga ɗakin gwaje-gwaje, wadda ta ce ƙwayoyin halittarsa sun dace da jinin da aka samu a wurin da aka yi aika-aika, alhali wanda ya yi gwajin bai tako kotu ba.

Ƙa'idar ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. A fiƙihun Malikiyya, alƙali ba ya yanke hukunci sai ya yi i'izari, wato ya tambayi wanda shaida ta hau kansa ko yana da suka a kan shaidun ko wata hujja da ta rage masa. Tuhfatul Hukkam na Ibn Asim, wanda alƙalan Arewa suka daɗe suna aiki da shi, ya yi bayanin wannan. Shari'ar Amina Lawal ta nuna nauyin irin waɗannan matakai. Kotun Bakori ta yanke mata hukuncin jefewa a Maris 2002, ta Funtuwa ta tabbatar a Agusta, sannan Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a da ke Katsina ta soke hukuncin ranar 25 ga Satumba 2003. Cikin dalilan har da hana ta damar janye iƙirarinta. Ba a yi gwajin DNA a wannan shari'a ba, amma a shekarar 2002 ɗin ce Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta amince a yi amfani da shi wajen binciken laifukan da babu haddi ko ƙisasi a cikinsu.

Alec Jeffreys ne ya gano hanyar gwajin a Jami'ar Leicester ta Ingila a 1984, kuma a shari'ar kisa ta farko da aka yi amfani da shi, sai da ya wanke wani matashi kafin ya kai ga Colin Pitchfork, wanda aka ɗaure a 1988. Ingancin ilimin ba abin jayayya ba ne. Inda kuskure ke shiga shi ne hannun mutane.

A ɗauki misalin rigar da ta jiƙe da jini a wani ƙauye na Ƙaramar Hukumar Kankiya. Wani ne zai ɗauke ta, ko da safar hannu ko babu. Idan aka cusa ta cikin leda da danshinta maimakon a busar da ita a sa a ambulan takarda, za ta yi funfuna, zafi kuma ya ƙara lalata abin da ake son gwadawa. Daga nan sai ɗakin ajiyar kayan shaida na 'yan sanda, inda mai yiwuwa a ajiye ta kusa da tufafin wanda aka kama. Idan Legas za a kai ta domin gwaji, tafiyar ta haura kilomita 1,000. Kowane hannu da ta ratsa akwai tambayar da ya kamata a yi masa: wa ya karɓa, yaushe, an rufe da hatimi ko an buɗe? Takardar sakamako ba za ta amsa ko ɗaya ba.

Ƙasashen da suka fi kayan aiki ma ba su tsira ba. 'Yan sandan Jamus sun shafe shekaru suna farautar wata mace da DNA ɗinta ya bayyana a wuraren laifuka kusan 40, sai a 2009 aka gano na wata ma'aikaciya ce a masana'antar da ke haɗa audugar ɗaukar samfur. A Ingila, Adam Scott ya yi watanni biyar a tsare a kan fyaɗen da aka yi a Manchester a 2011, saboda an sake amfani da farantin roba da samfurinsa ya taɓa a ɗakin gwaji.

Kotun Ƙolin Amurka ta daɗe tana fama da tambayar ko dole ne wanda ya yi gwajin ya zo kotu. A shari'ar Melendez-Diaz ta 2009 ta ce takardar ɗakin gwaji shaida ce, dole wanda ya sa mata hannu ya zo. A ta Bullcoming a 2011 ta ƙi yarda abokin aiki ya tsaya a madadinsa. A ta Williams a 2012, wadda ta shafi DNA kai tsaye, kawunan alƙalan sun rabu, aka bar hukuncin ɗaurin. A ta Smith a 2024 kotun ta toshe yawancin ƙofar da hukuncin Williams ya bari a buɗe. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, kuma wanda ya riƙe samfurin ne kaɗai ya san abin da ya faru a kan teburinsa.

Dokar Shaida ta Najeriya ta 2011 ta ɗauki hanya mai sassauci. Sashe na 68 ya karɓi ra'ayin ƙwararre. Sashe na 55 ya yarda a gabatar da takardar wasu jami'an gwamnati, kamar likitan binciken gawa, ba tare da sun zo ba, amma ya bai wa kotu ikon kiran jami'in idan adalci ya buƙaci a yi masa tambayoyi. Dokar ta kuma ce a miƙa wa ɗaya ɓangaren kwafin takardar aƙalla kwana 10 kafin zama. An fahimci dalilin sassaucin, domin ƙwararru kaɗan ne. Cibiyar DNA ta Jihar Legas da aka buɗe a 2017 an ƙona ta a wani rikici da aka yi a Oktoba 2020. Sai dai ƙarancin ma'aikata matsalar hukuma ce, bai dace manomin da ke fuskantar ɗaurin rai da rai ya biya kuɗinta ba.

Zuwan ƙwararren ma bai wadatar ba idan wanda ake tuhuma bai fahimci abin da ake faɗa ba. Rahoton da Turanci ake rubuta shi, cike da lissafin yiwuwa. Sashe na 36(6)(e) ya tanadi tafinta kyauta, Hukumar Ba da Agajin Shari'a kuma an kafa ta tun 1976 domin marasa hali. Lauya ne zai fito da bambancin da ke tsakanin cewa samfuri ya dace da mutum da cewa shi ya aikata laifin, musamman a ƙauyen da ake auren zumunci, inda 'yan'uwa ke tarayya a kaso mai yawa na ƙwayoyin halitta, kuma mutum na iya barin alamarsa a gidan da yake shiga kullum.

Abin da ake nema daga alƙalan Jihar Katsina shi ne, duk lokacin da wanda ake tuhuma ya musanta sakamakon DNA, su yi amfani da ikon da doka ta ba su su kira wanda ya yi gwajin, a fassara bayaninsa da Hausa, sannan a yanke hukunci.