Jawabin Shugaban Kwamitin Horaswa a Bikin Yaye Matasan Manoma, Dambatta

  

Mai girma wakilin Gwamnan Jihar Kano, mai girma wakilin Kwamishinan Aikin Gona, masu girma shugabannin ƙananan hukumomin Dambatta, Makoɗa, Kunci da Bici, iyayenmu hakimai, Allah ya ƙara muku imani, dagatai da masu unguwanni, limamanmu, malaman Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako, jami'an hukumar aikin gona ta KNARDA da na gandun daji, sarakunan noma, shugabannin ƙungiyoyin mata, 'yan jarida, 'ya'yanmu da ake yayewa, jama'a maza da mata. Wanda ban ambata ba ya yafe mini. Laifin mai rubutun ne, ga shi can yana sunkuyar da kai.

Muna godiya ga Allah da ya nuna mana wannan rana. Yaran nan sun shigo hannunmu da sanin fartanya da garma, yau za su fita da sanin abubuwan da iyayensu ke ji a rediyo kawai. Sun koyi haɗa injin ban-ruwa mai aiki da hasken rana, tun daga kafa faranti har zuwa jan tiyo cikin fadama. Sun koyi tuƙa ƙaramin injin huɗa, da sarrafa injin sussuka da na ɓarar gyaɗa. Sun koyi feshi bisa ƙa'ida, da takunkumi da safar hannu, da ajiyar wake a buhu mai hawa uku ba tare da ƙwayar magani ba. An nuna musu wake SAMPEA 20-T da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta fitar a 2019, wanda tsutsar furen wake ba ta yi masa ɓarnar da muka saba gani. Sun iya duba hasashen damina na hukumar NiMet a waya, su kuma tambayi farashin kasuwar Dawanau kafin ɗan kasuwa ya tsaya a ƙofar gida. 'Yan matanmu kuwa su suka yi zarra a renon itatuwa. Dogonyaro, ɗorawa, kuka, zogale, gawo, duk ga su can a leda, kowa zai gani idan an tashi.

A kan itatuwa zan ƙara kalma ɗaya. Dashe da daɗi ranar biki, amma akuya ba ta san biki ba. Maƙwabtanmu na Maraɗi, tun shekarun 1980, sun kama abin da suke kira sassaben zamani: idan an zo sharar gona ba a ƙone kututture, sai a zaɓi tsiro biyu ko uku masu ƙarfi a sassabe sauran. Da wannan dabara miliyoyin hekta suka farfaɗo a Nijar. Wannan ma mun koya wa yaran, kuma ba ya cin ko sisi.

Samarin da ke bayan rumfa, a rage surutu. Abin da zan faɗa yanzu ba ya cikin takardar da aka ba ni, kuma shi ne ya kawo ni.

Ranka ya daɗe wakilin Gwamna, ƙasar nan tamu kowa ya san ta. Daga Dambatta ka bi ta Makoɗa ka faɗa Kunci, gona ce ke jingine da gona, babu saura, babu hutun ƙasa. Kakanninmu da jaki da mangala suka riƙe ta, suna kai mata taki shekara da shekaru. Gado ya raba gandu har wani abin da ya samu bai fi a noma shi da safe a tashi kafin azahar ba. A irin wannan gona babbar tarakta ko juyawa ba za ta yi ba sai ta taka geron maƙwabci, a kwana a gaban dagaci. Shi ya sa muka dage a kan ƙananan injuna. To amma ƙaramin inji ma inji ne, yana lalacewa.

Na yi aikin malamin gona har na yi ritaya, kuma na ga shirye-shirye sun zo sun wuce. Kowanne da irin tafiyarsa ɗaya: a sayo, a jera, a ɗaura ƙyalle, a yanka, a ɗauki hoto. Ranar da bel ya tsinke ko boris ya ci, shi ke nan, an binne. Akwai wata harabar ofis, ba zan faɗi garin ba, inda taraktoci ke zaune a kan duwatsu, tayoyi sun tafi, ciyawa ta fito ta cikin sitiyari, kaji na ƙwai a mazaunin direba. Na tambaya me ya kashe ta farko. Aka ce wani ɗan ƙarfe ne da za ka rufe a tafin hannu. An rubuta takarda a sayo, takarda ta tafi ba ta dawo ba, sai aka ciro na ta biyu aka sa mata. Haka aka bi su ɗaya bayan ɗaya, ana yanka wata don a rayar da wata, har 'yan gwangwan suka fara zagaye.

Ba na so injunan yaran nan su bi wannan hanya. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ta wuce nan. Manoman rani a madatsun ruwan Tomas da Watari da Gari sun ji a jikinsu, wasu suka rage fili, wasu suka ajiye injin. Mai aiki da rana shi ne mafita, amma idan akwatin wutarsa ya ƙone a tsakiyar watan Maris, albasa ba za ta jira a je Kano a dawo ba. Hatta hazo, idan ya kwanta a kan faranti, ruwan tiyo raguwa yake yi. Manomin da bai sani ba sai ya ce an sayar masa da jabu, alhali tsumma mai laima ne maganin.

Saboda haka roƙona uku ne, amma a gaskiya ɗaya ne. Duk kasafin da aka yi na sayen inji, a ware masa kuɗin gyara a layi guda, a rubuce, kada a ce sai shekara mai zuwa. A buɗe shagon kayan gyara a nan Dambatta, domin bai kamata yaro ya kashe yini da kuɗin mota zuwa kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano saboda bel guda ba. Sannan a ɗauki waɗanda suka fi hannu cikin yaran nan, a haɗa su da 'yan walda da maƙeran garuruwanmu, a ba su akwatin sifana da babur su riƙa zagaya ƙauyuka. Shirin ACReSAL na Bankin Duniya yana nan, shirin KSADP da Bankin Raya Ƙasashen Musulmi ya tallafa ya yi aiki a jihar nan. Ƙofofin da za a ƙwanƙwasa ba su ƙare ba. Shugabannin ƙananan hukumomi, na ga kuna murmushi. Ku ma da ku nake.

Ku kuma 'ya'yana, kayan da za a miƙa muku yau amana ce. Mun rubuta lambar kowane inji da sunan mai shi da na dagacinsa. Wanda ya kai nasa kasuwar Dambatta ranar Lahadi don ya haɗa lefe, labari zai riga shi isowa gida. Ku riƙa canja baƙin mai a kan lokaci, ku sa giris, ku rufe inji idan an gama aiki. Ku yi wa maƙwabta aiki a kan kuɗi mai sauƙi, ku ware na gyara kafin ku taɓa riba.

Mai gabatarwa yana nuna mini agogo. A madadin kwamiti, ina gode wa malaman da suka horar, da iyayen da suka saki 'ya'yansu a lokacin aikin gona, musamman iyayen 'yan mata. Ina roƙon mai girma wakilin Gwamna ya taso ya miƙa takardun shaida, za a fara da ajin renon itatuwa. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da jiharmu da ƙasarmu lafiya, ya mai da kowa gidansa lafiya.