A Bar Wa Mai Kala Rabonsa



Gero ya shigo gida, shinkafar fadama ta nuna. Amma ba kowane gida ne ke da abin zubawa a rumbu ba. Akwai gwauruwa mai marayu. Akwai wanda ruwa ya cinye gonarsa, kamar yadda ambaliyar 2020 ta yi wa manoma da yawa a Jihar Kebbi.

A Littafin Firistoci, sura 19, an hana manomi girbe gonarsa har bakin iyaka. Abin da ya zube rabon matalauci ne da baƙo. Da kala Rut ta ciyar da surukarta Na'omi. Baƙuwa ce daga Mowab, mijinta ya mutu. Mai gonar, Bo'aza, ya sa ma'aikatansa su riƙa barin zangarniya da gangan, kada kuma su kunyata ta.

Wannan na ƙarshe shi ne mai wuya. Wani zai ba da mudu ɗaya, duk gari ya ji labari.

Kafin a kai hatsi kasuwar Jega, kowane magidanci ya ware dami ɗaya. Zumuntar mata ta san gidan da ba a hura wuta. A kai da dare, ko gidan Kirista ne ko na Musulmi. Wanda yunwa ta sa ya ci irinsa, a ba shi iri kafin ruwan shuka, kada ya ci bashin buhu ɗaya ya biya biyu.