Shinkafar Daji a Tafkuna da Fadamun Maiduguri



Kogin Ngadda, bayan ya baro madatsar ruwa ta Alau ya ratsa birnin Maiduguri, yakan malala cikin kwarin Jere, inda mutanen Zabarmari da ƙauyukan kewaye suke noman shinkafa. A cikin wannan kwari, da tafkunan da ruwa yake bari idan ya janye, akwai wata ciyawa wadda da wuya a bambanta ta da shinkafa sai ta fid da kai. Ita ce shinkafar daji. Takan ƙwace wa shinkafar gida abinci da haske, takan kuma ɓoye cutar da ke mai da ganyen shinkafa rawaya.

Iri biyu ce. Ta farko shekara guda take yi, amma tana zubar da 'ya'yanta ƙasa tun kafin girbi. Ta biyu ba ta mutuwa da rani, domin saiwoyinta suna yaɗo ƙarƙashin laka, ko guntu aka bari sai ya tsiro. Ambaliya irin wadda ta auka wa Maiduguri a 1994 da 2024 tana iya kai iri da saiwoyi gonakin da ba su da ita a da.

Saboda haka ana shawartar kowane manomi da ya kiyaye abubuwa huɗu:

1. Ya yi kaftu mai zurfi da rani, ya tone saiwoyin, rana ta ƙone su.
2. Ya bari ciyawar ta tsiro da ruwan farko, ya nome ta, sa'an nan ya yi shuka.
3. Ya nemi iri mai tsabta, ya yi dashe layi-layi, domin duk abin da ya fito tsakanin layuka a cire shi.
4. A cikin tafki, ya yanke ta da lauje ƙasa da fuskar ruwa kafin ta yi fure, ya ba dabbobi.

Amma ba a ce a kawar da ita daga ƙasa ba. Daga irin farko ne kakanni suka samo shinkafar Afirka. Iri na biyu kuwa, daga wanda aka ɗauko a ƙasar Mali masana suka ware, a 1995, ƙwayar gadon da ke kare shinkafa daga wata cutar ƙunar ganye. A bar ta a tafkunan daji, a hana ta shiga gona.

Wanda ya ga alamarta ya sanar da malamin gona da wuri, gama ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya ba da damina mai albarka.